Yadda Za Ka Rage Ɓarnar Shaho a Kan Tattabarun Tsere

Duk mai sakin tattabaru su tashi sama yana kiwo ne a filin da ba nasa shi kaɗai ba. Shaho na nan, kuma tattabara ta yi masa daidai: ga tsoka, ga ta a sarari, ga shi kusan kullum daga wuri ɗaya take fitowa a lokaci ɗaya. Ba ka da ikon raba shi da sama, a ƙasashe da yawa ma doka ba ta yarda ka taɓa shi ba. Abubuwa uku ne a hannunka: tsawon lokacin da tsuntsayenka ke zaman banza a waje, ƙarfin jikinsu ranar da ka sake su, da kuma tsarin da ka saba bi har shahon ya haddace shi.

Mataki na farko: gane wanda ke yi maka ɓarna

Masu kiwo da yawa sukan ce "shaho ya ɗauke min" su tsaya nan, alhali mafarautan iri biyu ne, kuma dabarar da ke maganin ɗaya ba ta yi wa ɗayan komai.

Na farko mafaraucin sarari ne. Fiffikensa dogo ne mai tsini, jelarsa ba ta da tsawo sosai. Sarkinsu shi ne feregirin, wanda ake samu a kowace nahiya ban da Antatika, sai ɗan uwansa lana da ya fi yawa a Afirka. Wannan yakan haye can ƙololuwa har ya koma ɗigo, sannan ya naɗe fiffike ya faɗo. Gudunsa a irin wannan faɗowar yakan wuce kilomita 300 a awa ɗaya, ita kuwa tattabarar tsere a tafiyarta ta yau da kullum ba ta cika wuce 60 zuwa 80 ba. Amma in a miƙe ake gudu, tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa, kuma lafiyayyar tattabara takan gajiyar da shi. Shi ya sa yake neman ya kasance a samanta kafin ya kai bara.

Na biyu ɗan kwanton ɓauna ne. Fiffikensa gajere ne mai faɗi, jela doguwa, an gina shi don kutsawa tsakanin rassa. A Turai goshok ne da ƙanensa ƙarami mai farautar ƙananan tsuntsaye, a Amurka akwai shahon Kupa. Wannan bai cika hawa sama ba. Yakan laɓe a bishiya, ko ya biyo bayan katanga ƙasa-ƙasa, ya ɓullo ta kan rufi ya fyauce wadda ke zaune tana gyaran gashi. A dangin nan duka mace ta fi namiji girma, kuma a ƙananan jinsunan ita ce mai iya danne babbar tattabara.

Ko ba ka ga farmakin da idonka ba, abin da aka bari zai gaya maka. In ka tarar da gashi an fige an zube a da'ira a ƙasa kusa da gida, gindin kowane gashi lafiyayye ba a tauna ba, aikin ɗan kwanto ne. Kyanwa da sauran masu haƙori sukan bar gindin gashin a gutsure, a jiƙe da yawu. Feregirin kuwa yakan karya wuya da baki, ya cinye ƙirji, ya bar fukafukan biyu haɗe da juna, wani lokaci har da gurbin cizo a ƙashin ƙirji. Shirwa, duk da yawan zarginta da ake yi, ƙafarta ba ta da ƙarfin kama lafiyayyar tattabara a sama, sai dai ɗan shila ko maras lafiya. Wadda ta kwana a kan rufi ta ɓace kafin safiya kuwa, mujiya ko kyanwa za ka fara tuhuma.

Mataki na biyu: rubuta

Ka ajiye ɗan littafi a ƙofar ɗakin tattabarun. Duk ranar da aka kawo farmaki, ko da ba a yi nasara ba, rubuta kwanan wata, ƙarfe nawa, ta wane gefe ya fito, su kuma tsuntsayen me suke yi a lokacin. Bayan wata guda za ka ga zancen ya fara maimaita kansa: bishiya ɗaya, sa'a ɗaya. A ƙasashen sanyi na arewa, alal misali, farmakin ɗan kwanto ya fi tsanani daga ƙarshen hunturu zuwa farkon bazara, ya lafa in macen ta kwanta kan ƙwai, ya sake tashi in 'ya'yan sun fara farauta da kansu. Feregirin kuwa ya fi matsa lamba a Mayu da Yuni lokacin da yake ciyar da 'ya'ya, wato tsakiyar kakar tsere a can. Naka yankin yana da nasa jadawalin, littafin ne zai fito maka da shi.

Mataki na uku: gyara kewayen ɗakin

Tsaya a inda tattabarunka ke sauka, ka durƙusa daidai tsayinsu, ka duba ko'ina. Duk inda idonka bai kai ba, nan ne hanyar shaho. Reshen da ya rufo rufin, kurmin da ke bayan katanga, lungun da ke tsakanin gini biyu, waɗannan su ne maɓoyarsa. Abin da ke cikin filinka ka sassabe shi. Wanda ba naka ba, ka juya wurin saukar ya kalli fili in da hali. Daƙiƙa biyu da tattabara za ta riga ganin sa sun isa su cece ta.

Kada ka zuba hatsi a waje. Yana tara ƙananan tsuntsaye, su kuma su jawo mai cin su, daga nan idonsa ya faɗa kan naka. Ka haɗa wa ɗakin shirayin ragar waya, a rufe sama da gefe, inda za su sha rana su yi wanka. Wanka a fili kuskure ne babba, domin jiƙaƙƙiyar tattabara ba ta iya tashi da sauri. Ƙofar shigarsu kuma ta zama wadda kake kullewa da zarar sun gama shiga, don ɗan kwanto in ya ɗanɗana yakan bi su har ciki.

Mataki na huɗu: koya musu shiga da kira ɗaya

In da za a ce ka zaɓi abu ɗaya daga cikin jagoran nan ka bar saura, wannan zan ce ka ɗauka. Yawancin waɗanda ake kamawa a gida ba suna tashi ake kama su ba. A kan rufi ake ɗaukar su, ko a daidai lokacin da suka rage gudu za su sauka. Tattabarar da ta sauka ta shige cikin rabin minti da wadda ta yi awa biyu tana zagaye a kan kwano ba haɗari ɗaya suke ciki ba.

Horon da ciki ake yin sa. Ka zaɓi sauti ɗaya, fito ko usur ko gwangwani mai 'yan ƙwayoyin hatsi a ciki, ka riƙa yin sa duk lokacin da za ka zuba abinci, ba kuma ka yin sa a wani lokaci daban. Ka fara a cikin ɗaki tun kafin su soma fita. Ka daina barin abinci a gabansu yini guda: auna musu, su ci, bayan minti goma zuwa goma sha biyar ka kwashe ragowar. Babbar tattabara tana cin kimanin giram 30 zuwa 40 a rana, gwargwadon aikin da take yi da sanyin gari. Sannan ka riƙa sakin su kafin cin abinci, ba bayansa ba. Da sun gama shawagi sun fara saukowa, sai ka yi kiran. Wadda ta shiga ta ci. Wadda ta tsaya yanga a waje ta tarar an kwashe, ta jira na gaba. Sau biyu ko uku ya ishe ta darasi.

A kula, ba yunwa ake nufi ba. Tsuntsun da aka rame shi da sunan horo ba shi da ƙarfin tsere wa kowa, ka gyara gaba ka ɓata baya ke nan. Ka riƙa ɗaukar su a hannu kana shafa ƙirji: in ƙashin ya fito kamar bakin wuƙa, ƙara musu. Kuma barin ƙofa a buɗe yini sukutum su shiga su fita yadda suka ga dama, duk da daɗinsa, bai dace da unguwar da shaho ya riga ya gano ba.

Mataki na biyar: wa za a saka, kuma yaushe

Shaho yana zaɓe. Idonsa na kan wadda ta ware daga garke, ko ta zama ta ƙarshe a kowane juyi. Wani masani mai suna Robert Kenward ya gwada wannan a Ingila da horarren goshok a kan tattabarun daji, ya wallafa a 1978: nasarar shahon tana raguwa ƙwarai yayin da garken ke ƙara yawa, domin idanu da yawa sukan hango shi tun daga nesa, kuma waɗanda yake kamawa daga cikin garke galibi ramammu ne. Saboda haka ka sake su tare, kada ka riƙa fitar da ɗaiɗai ko bibbiyu.

Kafin ka buɗe ƙofa, ka ware waɗanda ba su cancanci fita ba: mai mura ko zawo, macen da ke dab da yin ƙwai, iyayen da ke tsakiyar ciyar da 'yan shila, da wadda ke sake gashin ƙarshen fiffike. Manyan gashin tashi goma ne a kowane fiffike, kuma in na tara da na goma suka zube, tashin yakan yi mata nauyi har sai sun fito.

Game da lokaci, shaho yakan fito da yunwa da sassafe, ya sake neman abin kwana kafin faɗuwar rana. Masu kiwo da dama sun fi samun sauƙi da hantsi ko tsakar rana, in ya riga ya ci. Amma kada ka mai da wannan ma ƙa'idar da ba ta motsi. In ka ga ya fara jiran ka, sauya sa'ar. Kafin sakin, ɗauki minti biyar ka dubi sama da kan dogayen gine-gine da turakun lantarki. Ka saurari gari kuma. In ƙananan tsuntsaye suka yi tsit gaba ɗaya, ko hankaki suka taru suna ihu a kan bishiya ɗaya, akwai baƙo. Hankaka dai ba amini ba ne, ɓarawon ƙwai ne, amma yana korar shaho kyauta, don haka ban ga dalilin korar sa daga unguwa ba. Tattabarun da kansu ma sukan faɗa maka: za ka ga ɗaya ta daina motsi, ta miƙe wuya, ta karkata kai ta ɗaga ido ɗaya sama, gashinta ya lafe a jiki. In ka bi inda take kallo, da wuya ka rasa ɗigon.

Mataki na shida: 'yan shila

A nan aka fi asara. Ɗan shilan da aka raba da iyaye yana da kwana 28 ko kusa da haka bai san komai ba, fiffikensa bai yi ƙwari ba, kuma in ya firgita yakan tashi ya miƙe bai san hanyar dawowa ba. Sau da yawa ɗan shila ɗaya shahon yake kamawa, amma biyar su ɓace.

Ka fara ɗora su a kejin raga a kan wurin sauka na wasu kwanaki, su ga sama, su ga unguwa, su koyi ƙofar shiga daga cikin kejin. Sai sun amsa kira ba gardama sannan ka cire kejin. Fitowar farko ta kasance ranar da babu iska mai ƙarfi, suna jin yunwa, kai kuma kana tsaye a wurin daga farko har ƙarshe. Kada ka kore su don su tashi, bar su su yi da kansu. Makonni biyu zuwa uku na farko, kafin su haɗe su riƙa juyi tare kamar garke ɗaya, su ne mafi haɗari. In aikinka ba zai bar ka ka tsaya ba, gara su yini a rufe.

Mataki na bakwai: horon hanya

In ka fara kai su nesa kana saki, ka san ƙasar da za su ratsa. Feregirin yana sheƙa a kan duwatsu masu tsayi, bakin teku mai gangare, tsofaffin wuraren fasa dutse, yanzu kuma har dogayen gine-ginen birane da gadoji. Kada ka buɗe kwando a gindin irin waɗannan wurare. Ka nemi fili, nesa da wayoyin lantarki, domin garken da aka tarwatsa yakan faɗa kan waya ko cikin bishiyoyi a guje, raunin da ke biyo baya kuma yakan fi na faratan shaho yawa. In ka isa ka ga shaho na shawagi, jira, ko ka matsa gaba. In wani layi ya saba cin maka tsuntsaye, ka tambayi sauran 'yan ƙungiyarku. Wataƙila kowa na asara a wuri ɗaya, sai a sauya wurin saki ko a haɗa tsuntsaye a sake su da yawa.

In farmakin ya zo kana tsaye

In suna sama can, feregirin ya shigo, kada ka kira su. Mai saukowa ita ce ta ba shi abin da yake nema, wato ya kasance a samanta. Garke mai ƙwari yakan dunƙule ya yi ta hawa har ya fi shi tsayi, shi kuma ya haƙura. Bar su su gama, ko da za su ɓace maka da gani na awa ɗaya.

In ɗan kwanto ne ya danne ɗaya a ƙasa, ruga da ihu da tafi. Shi ba ya kashewa nan take, da ƙafa yake matsa, yakan ma fara fige gashi tun tana da rai, don haka sau da yawa ana ƙwato ta. Kora kawai za ka yi, ba duka ba. Bayan haka ka rufe tsuntsayenka na kwanaki, mako ɗaya ko biyu in ya riga ya ci nasara, domin inda ya samu jiya nan zai dawo gobe. Ka bar ƙofar shiga a buɗe har duhu saboda waɗanda suka watse, ka sake buɗewa da asuba. Wasu sai bayan kwana biyu ko uku suke lallaɓowa.

Kayan tsoratarwa, da zancen kisa

Za ka ji ana yabon mujiyar roba, tsofaffin faya-fayan CD da ake ratayewa, ƙwallon madubi, da zanen manyan idanu a fiffiken tattabara. Ba su da tsada, ba kuma sa cutarwa, amma shaho yakan saba da duk abin da ba ya motsi ba ya cizo. In za ka sa, ka riƙa sauya musu wuri, kada kuma su sa ka saki jiki. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne binciken da aka wallafa a mujallar Nature a 2005 a kan tattabarun gari a Kalifoniya: masu farin tabo a gadon baya, daidai gindin jela, sun fi kuɓuta daga feregirin, da aka musanya gashin wurin tsakanin tsuntsaye kuma sai sa'ar ta bi farin gashin. Wannan bai isa ya sa ka zubar da zuriyar da ke ci maka tsere saboda launi ba, amma abin lura ne in kana haɗa aure.

Shi kuwa harbi da tarko da guba, ka fita daga hanyarsu. A Birtaniya dokar kare namun daji ta 1981 ta haramta, a Amurka akwai dokar tsuntsaye masu ƙaura ta 1918, kuma an sha gurfanar da masu tattabaru a kotu a kan haka. Ka binciki dokar ƙasarka. Ko ba doka, guba ba ta zaɓe: kare da kyanwa da yaron da ya tsinci gawar duk tana iya kaiwa gare su. Wurin da ka kashe shaho ɗaya kuma wani ne zai gaje shi, tunda abin da ya kawo na farkon yana nan.

Rigimar masu tattabaru da shaho ta daɗe. A 1940 gwamnatin Birtaniya da kanta ta ba da umarnin kashe feregirin don kare tattabarun da ke kai saƙon yaƙi. Bayan shekara ashirin masu tattabaru suka kai kuka cewa ya yi yawa, aka sa wani masanin tsuntsaye, Derek Ratcliffe, ya ƙirga shi a 1961 da 1962, sai ya tarar ƙarewa ma yake yi, sanadin magungunan ƙwari irin su DDT. Da aka hana su ya farfaɗo, shi ya sa tsofaffin masu kiwo ke cewa a zamaninsu ba haka sama take ba, kuma gaskiya suka faɗa. Binciken da aka yi a can a farkon shekarun 2000 ya nuna ɓatan hanya da gajiya da karo da waya sun fi shaho cin tattabaru. Masu kiwo suka ce ba a lissafa waɗanda firgita ta watsar ba. A ganina kowane ɓangare na da abin kamawa, kuma asarar ba ta rabuwa daidai: wani gidan ba a taɓa shi, wani kuma da ke bakin daji ana gama da shi.

Jinyar wadda ta dawo da rauni

Kada ka fara da wanke-wanke. Sa ta a kwali mai ɗumi da duhu, ita kaɗai, ta yi kamar awa ɗaya ta dawo hayyacinta, sai fa in jini na zuba, wanda za ka danne da tsumma mai tsabta har ya tsaya. Daga nan ka duba ta a haske, kana hura gashin kana buɗawa: baya, ƙarƙashin fukafukai, cinyoyi, ƙirji. Hudar farce ƙarama ce a ido amma tana da zurfi. Ka wanke da ruwan da aka tafasa ya huce, da gishiri giram 9 a lita ɗaya. Kada ka shafa man da zai dame gashin.

Ba ta ruwa ka zuba ido. In ka ga ruwan na ɗiga ta ƙasan wuya yana jiƙa gashin ƙirji, jakar abincinta ta yage. Wannan sai ɗinki, jakar daban fatar daban, aikin likitan dabbobi ne kuma a ranar, kada ka ba ta hatsi kafin nan. Haka in fata ta kumbura kamar an hura mata iska, ko fiffike ya saki, ko numfashi na fita da ƙara. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ma likita ne zai faɗi iri da adadi. Tattabara na da saurin warkewa fiye da yadda ake zato, raunin da ya ba ka tsoro yau yakan rufe cikin mako biyu.

Wadda ta dawo ba jela kuwa kada ta dame ka, sakin gashin ta yi ta bar wa shaho a ƙafa. Gashin da ya tuge daga gindi yakan fito sabo cikin mako shida zuwa takwas, wanda ya karye a tsakiya kuma yana nan haka har lokacin sake gashi. Kada ka mai da ita sama sai jelar ta fito, nauyinta ya dawo, ka kuma ga tana hawa wurin zama mafi tsayi a ɗakin ba da wahala ba. Ranar fitarta ta farko ta bi garke, da yunwarta, a sa'ar da littafinka ya nuna ta fi lafiya. Wasu sukan yi makonni suna ƙin nisa da rufi, da an buɗe su faɗa ciki. Irin wannan kada ka sa ta a kwandon tsere sai ta koma juyi da 'yan uwanta da kanta.